Turawan Ingila Sun Yi wa Masu "Gano" Ƙasa Dariya, Amma Ina Dariyar Ta Tsaya?

A watan Janairun 1819 wani shagon sayar da zane-zane a Landan ya baje wani dogon zane mai launi na George Cruikshank, wanda a zamanin ba a cika samun mai hannun zanen barkwanci kamarsa a Ingila ba. Sojojin ruwa ne suka jero reras, sun sauko daga jirgi sun doshi gidan tarihi na British Museum. Kyaftin John Ross ne a gaba, ya sha kaki da hular girma, ya turo ƙirji, an manna masa hancin jabu a fuska. Mutanensa da ke biye da shi ba su da hanci, domin Ross ya dawo da labarin cewa mutanen ƙasar ƙanƙara da jan hanci suke gaisawa. Kayan da suka ɗauko su ne abin kallon: gawar farin beyar, ganga cike da jar ƙanƙara, tsuntsu, duwatsu, tsutsotsi, karnuka. A gefe wani ɗan kallo yana cewa ai irin waɗannan tarkacen suna da su birjik a gida, ba sai an je ƙarshen duniya an kwaso ba.

Ga abin da ya jawo wannan ba'a. Da aka gama yaƙi da Napoleon a 1815, hafsoshin ruwan Ingila suka koma zaman kashe wando a kan rabin albashi. John Barrow, sakatare na biyu a ma'aikatar sojan ruwa, ya ga hanyar ba su aiki ita ce ya riƙa tura su cike guraben da ke fari fat a taswirar Turawa. A 1818 ya aika Ross da jirage biyu, Isabella da Alexander, su nemo hanyar ruwa da za ta bi ta arewacin Kanada ta ɓulle Asiya. Ross ya shiga mashigin Lancaster, ya hango abin da ya ɗauka jerin tsaunuka ne sun tare gaba, ya raɗa musu sunan John Wilson Croker, babban sakataren ma'aikatar, ya juya akalar jirgi ya koma gida. Wasu hafsoshinsa tun a lokacin suka ce su ba su ga tsauni ba. Shekara na zagayowa William Edward Parry ya bi ta daidai wurin ya wuce salin alin, babu ko tudu. Ross ya daɗe yana shan kunyar wannan lamari.

Masu son tarihi a yau sukan ɗauko irin wannan zane su ce: ga shi nan, ai Turawan Ingila da kansu sun soki masu yawon binciken ƙasa tun a wancan zamani. Akwai gaskiya a maganar, amma rabin gaskiya ce. Ra'ayina shi ne ya kamata mu san waɗannan zane-zane, mu nuna wa ɗalibanmu su a aji, amma kada mu ɗauke su a matsayin masu taya mu faɗa. Sun yi wa mai bincike dariya saboda girman kansa, da kuɗin gwamnati da ya ɓatar, da shirmen da ya kwaso. Ba su kai ga tambayar da ta fi muhimmanci ba: ta yaya mutum zai ce ya gano wurin da ya tarar da mutane suna noma, suna su, suna binne iyayensu?

Wanda yake shakkar haka ya dubi wani zanen da hannun Cruikshank ɗin nan ya fitar watanni kaɗan kafin na Ross, a 1818. Frederick Marryat, wani hafsan ruwa, shi ya tsara shi, a daidai lokacin da ake shirya tawagar Joseph Ritchie da za ta tashi daga Tarabulus ta ratsa Sahara. Zanen ya nuna abin da wai ake sa ran tafiyar za ta haifar: Sarkin Tumbuktu yana miƙa wa kyaftin ɗin Ingila 'ya'yansa mata uku ya zaɓi ɗaya ya aura, shi kuma ya rasa wadda zai ɗauka. Kyaftin yana tsaye tsaf cikin kaki, kamanninsa na mutum. Sarkin da 'ya'yansa kuwa kusan tsirara, an kumbura musu leɓɓa, an karkace musu jiki, an mai da su dodanni. Sai a tuna cewa sai bayan shekara 8 da wannan zane Gordon Laing ya isa Tumbuktu, a 1826. Wato mai zanen bai ga garin ba, amma ya riga ya yanke yadda mutanensa suke.

Garin da aka yi wa wannan cin fuska shi ne garin masallacin Sankore da na Jingarebar. Garin Ahmad Baba ne, malamin da ya rasu a 1627, wanda aka ruwaito yana da littattafai 1,600, wanda kuma a fatawarsa kan bauta ya lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Malamanmu sun san Tumbuktu ta littafi, fatakenmu sun san ta da ƙafa. Wannan abin yana mini ciwo, domin zanen ba jahilci kaɗai ya nuna ba. Ya koya wa mai kallo a Landan cewa babu wani abu a can da ya cancanci a saurara.

A jera zanen biyu a ga bambancin. Ba'ar da aka yi wa Ross irin ta wasan taubasai ce, irin wadda Bakano ke yi wa Bazazzagi: an san juna, an yarda da darajar juna, kuma wanda aka tsokana yana da bakin ramawa. Ross ya rama kuwa. Ya rubuta littafi ya kare kansa, ya sami attajirin da ya ɗauki nauyinsa ya koma ƙasar ƙanƙara a 1829, daga baya aka ba shi sarautar Sir. Mutumin Tumbuktu fa, a wace jarida zai mayar da martani? Bai ma san an zana shi ba.

Akwai wasu tsaunukan ƙarya da suka fi na Ross daɗewa, kuma a ƙasarmu ta Afirka ta Yamma aka dasa su. A 1798 James Rennell, babban mai zana taswira na Ingila, ya haɗa taswirar tafiyar Mungo Park, ya shimfiɗa wani dogon jerin tsaunuka daga yamma zuwa gabas, ya kira su tsaunukan Kong. Masu taswira suka yi ta kwafa daga juna. Tsaunukan nan suka zauna daram a taswirorin Turai kusan shekara 90, sai da wani hafsan Faransa, Louis-Gustave Binger, ya zaga yankin tsakanin 1887 da 1889 ya ce babu su. A duk tsawon shekarun nan ayarin fatake yana tashi daga Kano da Katsina da jakuna da takarkarai, madugu da jagaba suna gaba, a bi zango zango har Salaga a ƙasar Gwanja, a sayo goro a dawo. Da akwai katangar dutse a hanyar, su za su fara sani. Tsaunukan Croker sun rushe cikin shekara ɗaya saboda wani Bature ya je ya duba. Na Kong sun kai jikoki saboda shaidar madugu ba ta shiga lissafi.

Haka aka yi wa mutanen Inuit na arewacin Kanada. A 1845 John Franklin ya tafi neman hanyar ruwan nan zuwa Asiya da jirage biyu, Erebus da Terror, da mutum 129, ba wanda ya dawo. A 1854 John Rae, likita ɗan Sikotilan da ya koyi tafiyar ƙanƙara a hannun 'yan ƙasar, ya kawo labarin da Inuit suka ba shi, cewa yunwa ta kai mutanen Franklin na ƙarshe ga cin naman 'yan'uwansu da suka mutu. Landan ta yi ca a kansa. Charles Dickens, marubucin da ya fi kowa iya yi wa manyan Ingila shaguɓe, ya fito a mujallarsa ya ce ba a yarda da maganar irin waɗannan mutane, har ya nuna wataƙila su suka kashe Turawan. Ƙasusuwan da masana suka bincika a ƙarshen ƙarni na 20 sun nuna sawun wuƙa, kamar yadda Inuit suka faɗa. An gano Erebus a 2014, Terror a 2016, kuma labarin baka na Inuit ya taimaka wajen nuna inda za a duba. Mai barkwancin da ba ya tsoron minista ya kasa ba ɗan ƙasa gaskiyarsa.

Da mujallar Punch ta fito a 1841, zanen barkwanci ya tashi daga tagar shago ya shiga falon masu hali kowane mako. A shekarar ce aka tura jirage uku masu tururi, Albert da Wilberforce da Soudan, su hau kogin Kwara da niyyar kashe cinikin bayi ta hanyar kasuwanci da noma, har aka kafa gonar gwaji a wajen Lakwaja. Zazzaɓi ya kashe sama da 40 daga cikin Turawa kusan 150. Daga nan wata irin suka ta samu gindin zama a Ingila, wadda John Tenniel ya zana a Punch a 1865. Macen nan mai hular ƙarfe da suke zanawa a matsayin ƙasarsu tana tsaye ta ƙura ido a madubin hangen nesa tana kallon Afirka, a ƙafafunta kuma ga yaran titin Landan cikin tsumma, sun yi duƙun-duƙun, ɗaya yana tambayarta ko baƙinsu bai kai a kula da su ba. Ba na raina kukan yaran nan. Talakan Landan na lokacin ya sha wuya ta gaske, kuma mai zanen ya yi daidai da ya tuna wa masu mulki shi. Amma a lura da yadda aka gina hujjar. Ba a ce a bar mutanen Afirka su tafiyar da al'amuransu ba. Cewa aka yi ana ɓarnatar da tausayi a kan waɗanda ba su kai ba. Baƙin mutum a zanen ma'auni ne kawai na auna wulaƙancin da aka yi wa farin yaro.

Na 1861 ya fi wannan muni. Paul du Chaillu ya dawo daga dazukan Gabon da fatun goggon biri, Landan ta ruɗe da kallo, ana tsakiyar gardama kan ra'ayin Darwin. Punch ta zana goggon biri rataye da allo yana tambaya ko shi mutum ne kuma ɗan'uwa. Waɗannan kalmomi ba na wasa ba ne. Kusan su ne ke rubuce a tambarin masu yaƙi da cinikin bayi tun 1787, tare da hoton bawa a durƙushe cikin sarƙa. An ɗauki kukan bawa an sa a bakin biri don mai karatu ya yi dariya yana shan shayi.

Zuwa ƙarshen ƙarnin, mai bincike ya riga ya rikiɗe ya zama mai kama ƙasa, zanen ma ya bi shi. A watan Disambar 1892 Linley Sambourne ya zana Cecil Rhodes, attajirin Ingila mai kama ƙasa a kudancin Afirka, ya buɗe ƙafafu a kan taswirar Afirka, ƙafa ɗaya a Kef ɗaya a Alƙahira, bindiga a rataye, wayar tangaraho a hannuwansa. Wasu na cewa zolayar burinsa ake yi. Ko da haka ne, zolaya ce mai cike da sha'awa, kuma a duk faɗin nahiyar da ke ƙarƙashin takalmansa ba a zana mutum ko ɗaya ba. Shekara ɗaya bayan haka bindigogin Maxim masu ruwan harsashi na kamfaninsa suka karkashe mayaƙan Ndebele a ƙasar Zimbabwe ta yau. A 1894 Punch ta nuna Yuganda a matsayin jaririn baƙar fata da aka yar a ƙofar gidan John Bull, dattijon da ke wakiltar Ingila, yana ƙunƙuni cewa ga wani kuma, ba yadda zai yi sai ya ɗauka. Ba wanda ya yar da Yuganda a ƙofar kowa. Frederick Lugard ya shiga masarautar Buganda da ke Yuganda a 1890 da sojojin kamfani, ya sa bindigar Maxim a rikicin Mengo a 1892, ya koma Ingila ya yi ta yawon lacca har gwamnati ta karɓi ƙasar. Zanen ya mai da ƙwace ya zama riƙon maraya. Wannan ita ce babbar illar barkwancin: ya sa abin da ya kamata ya tayar da hankali ya zama abin murmushi, mutum ya yi dariya ya ji kamar ya yi suka, alhali ya amince.

Za a ce mini ina auna mutanen da da mudun yau. Ban yarda ba, domin a zamanin ma akwai waɗanda suka ga abin da ke faruwa. Lokacin da labarin ɓangaren tawagar Henry Morton Stanley da ya bari a baya a Kongo ya fasu a 1890, an ji yadda ake yi wa 'yan dako bulala har lahira, an kuma ji zargin cewa James Jameson, ɗaya daga cikin Turawan tawagar, ya ba da hankici shida aka kawo yarinya aka kashe a gabansa, shi kuma ya zana abin da ya gani. Jameson a rubutunsa ya ce ya ɗauka wasa ake yi, amma bai musa ba da hankicin ba, bai musa zanen ba. Jama'a da dama a Ingila sun yi tir, ƙungiyoyin kare 'yan ƙasa sun ɗaga murya. Ashe ma'aunin yana nan tun lokacin. Kuma ba na cewa masu binciken duk ƙarya ne. Tafiyar Park da ta Clapperton da ta Barth sun buƙaci jarumta, rubuce-rubucen Barth kan Kano da Katsina da Kukawa har gobe masana tarihinmu suna amfana da su. Abin da nake ƙi shi ne a ba mutum ɗaya ladan aikin ayari guda. Da ɗan gari akan ci gari. Sidi Mubarak Bombay ya yi wa Burton da Speke da Stanley da Cameron jagora ɗaya bayan ɗaya. Susi da Chuma da abokansu sun ɗauki gawar maigidansu David Livingstone daga Chitambo, a ƙasar Zambiya ta yau, a 1873 suka yi wata tara a hanya kafin su kai ta bakin teku. Clapperton da Lander sun dogara da wani dattijo Bahaushe, Abubakar, wanda Turawa ke kira Pascoe.

To me za mu yi da zane-zanen? Da yawanmu mun tashi ana tambayarmu a aji wa ya gano kogin Kwara, mu amsa baki ɗaya: Mungo Park. Gyaran da ake yi yanzu yawanci shi ne a ce wannan ƙarya ce, a wuce. Hakan bai isa ba, domin yaro bai ga yadda aka ƙera ƙaryar ba, gobe kuma za a ƙera masa wata. Park da kansa ya rubuta cewa ranar da ya ga kogin a Segu a watan Yulin 1796 ya tarar da cincirindon mutane suna jiran jiragen fito, ya ƙiyasta mutanen garin sun kai 30,000. Da dare ya yi bai sami masauki ba, wata mata da ta dawo daga gona ta gan shi a gindin bishiya, ta kai shi gidanta, ta gasa masa kifi, matan gidan suna kaɗi suna rera waƙar tausayin baƙon da ba shi da uwar da za ta kawo masa nono. Malami ya karanta wa ɗalibai wannan, sa'an nan ya ɗaga musu zanen Sarkin Tumbuktu, ya tambaye su yadda aka yi aka tashi daga wannan mata aka isa ga waɗancan dodanni cikin shekara 22.

Wasu za su ce hotunan cin mutunci ne, bai kamata a sa su gaban yara ba. Na fahimci wannan damuwa, kuma ban ce a kai su firamare ba. Amma ɗalibin babbar sakandare da na jami'a yana ganin jikokin waɗannan hotuna kullum a wayarsa. Gara ya gan su tare da malamin da zai warware masa su, kuma kada a nuna su su kaɗai. A ajiye su kusa da abin da ɗaya ɓangaren ya zana ko ya faɗa, domin akwai shi.

A jirgin Ross akwai wani tafinta ɗan Girinlan, Hans Zakaeus, wanda Turawa ke kira John Sacheuse. Shi ya fara taka ƙanƙara ya je ya yi magana da mutanen arewacin Girinlan a watan Agustan 1818, kuma ya zana haɗuwar da hannunsa: jirage biyu a bakin ƙanƙara, Ross da Parry cikin cikakken kakin biki da huluna a tsakiyar sanyi, 'yan ƙasar da karnukansu da kekunan ƙanƙara, wasu suna duba fuskarsu a madubin da aka ba su. Kowa a zanensa mutum ne. Ya rasu a Edinbara a farkon 1819, makonni kaɗan bayan fitowar zanen Cruikshank. Mu ma muna da namu. Dorugu, yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, ya bi Barth har Tumbuktu, ya isa Ingila a 1855, ya ba J. F. Schön, wani ɗan mishan mai nazarin harshen Hausa, labarin rayuwarsa da Hausa, har da yadda ya ga Turawa suna zaman cin abincin dare, yana kallonsu da idon baƙo mai lura. Ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912, bayan ya koyar a makarantar Ɗan Hausa.

Sai kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Clapperton ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824, shekara 6 bayan zanen Sarkin Tumbuktu. Sarkin da ya tarar malami ne marubuci. Ya yi masa tambaya kan ƙungiyoyin Kiristanci na da, irin su Nasturawa, har Clapperton ya amsa cewa iliminsa na addini bai kai nan ba. Bello ya zana masa yadda Kwara ke tafiya, aka ba shi taswira da wani yanki na littafin tarihin da Bello ya rubuta, duka aka buga su a Landan a 1826. Taswirar ba ta rasa kurakurai ba. Bello ya kuma ɗago masa maganar Indiya, yadda Ingilishi suka shiga suka mallake ta, kuma bai bar shi ya wuce Yawuri ya bi kogin ba. Tambayar da masu zanen Landan ba su yi ba, wato me ke biyo bayan mai auna kogi, a Sakkwato an yi ta tun 1824. Sojojin Lugard sun shiga garin a watan Maris na 1903.